Linzami ɗaya, doki biyu

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma zamani ya kai ma'aikata da ƴan kasuwa da yawa inda babu makawa sai sun tauna ta. A yau ba abin mamaki ba ne a shiga biron wani akawu a Yamai, ko shagon mai fitar da kaya daga duwan a Maraɗi, a tarar da kwamfuta biyu bisa tebur ɗaya. Ɗaya tsohuwa ce mai babban akwati, ita ke riƙe da lissafin shekaru. Ɗayar kuma ƙarama ce ta tafi-da-gidanka, da ita ake shiga intanet. Kowace tana da nata madannai, wato allon haruffan nan da ƴan biro ke kira kilabiye, kowace kuma tana da nata linzami, wanda suke ce wa suri. Tebur ya cika, wayoyi sun sarƙe, takardu sun rasa wurin zama, mai aikin kuwa sai ya wuni yana miƙa hannu daga nan zuwa can, har wani lokaci ya yi ta girgiza linzamin da ba shi ne na na'urar da yake kallo ba.

Masu ƙera kayan kwamfuta sun daɗe da samo maganin wannan wahala, ta yadda madannai guda da linzami guda za su ishi kwamfuta biyu, ko uku, ko huɗu. Hanyoyin yin haka sun rabu, kuma ko da yake a hannun mai aiki duk kamar ɗaya suke, abin da ke ƙetarawa tsakanin na'urorin ya bambanta ƙwarai daga wata hanya zuwa wata. Saboda haka, kafin mutum ya sayi wani abu ko ya saka wata manhaja, ya kamata ya fara amsa tambaya guda: me ya sa tun farko aka raba waɗannan kwamfutoci biyu?

Dalilin rabuwa

Wani lokaci rabuwar ba ta da wani dalili mai zurfi. Ɗan kasuwa ya sayi sabuwa, amma tsohuwar manhajar lissafin kayansa ba ta tafiya sai a kan tsohuwar, sai ya riƙe su duka. Mai buga katin biki da takardun makaranta yana tsara zane a ɗaya, yana karɓar saƙonnin abokan ciniki a ɗayar. Irin waɗannan na'urori na mutum ɗaya ne, sirrinsu ɗaya, ko sun haɗu babu wanda aka cuta.

Wani lokaci kuwa da gangan aka yi rabuwar. A ma'aikatu da bankuna da kamfanoni, akan keɓe kwamfutar da ke riƙe da albashin ma'aikata, ko rajistar haraji, ko sakamakon jarrabawa, ko bayanan marasa lafiya, a hana ta shiga intanet, domin ɓarawon da ke nesa ya rasa ƙofar da zai bi ya kai gare ta. Sai a ba ma'aikaci wata dabam domin wasiƙu da bincike. Tazarar nan ta taki ɗaya da ke tsakanin na'urorin biyu katanga ce, ko da ido ba ya ganinta. Wanda bai san da ita ba yana iya rushe ta da rana tsaka, da kyakkyawar niyya, don kawai ya samu sarari bisa teburinsa.

Akwatin sauyi

Hanya ta farko, wadda ta fi tsufa, ita ce ta wani ƙaramin akwati da ake kira KVM. Haruffan uku farkon sunayen abubuwa uku ne da Turancin Ingilishi: madannai, allon kallo da linzami. Ana tura wayoyin waɗannan ukun cikin akwatin, sa'an nan daga akwatin a ja wayoyi zuwa kowace kwamfuta. Idan aka danna maɓallin da ke jikinsa, sai dukan ukun su koma ga kwamfuta ta biyu. A sake dannawa su dawo ga ta farko. Wasu akwatunan ma ba sai an taɓa su ba, akan buga wani maɓalli na madannai sau biyu a jere, sai su sauya. Wannan dabara ta yi ƙarfi ne a manyan ɗakunan kwamfuta na kamfanoni, inda ake jera na'urori gommai bisa kanta kamar buhunan hatsi a sito, babu wurin da za a ajiye wa kowace allonta.

Amfanin akwatin a fili yake. Ba ya buƙatar rezo, ba ya buƙatar a saka wata manhaja, kuma bai damu da irin tsarin da ke cikin kwamfuta ba, ko Windows ne, ko Linux, ko na Apple. Yana aiki tun daga lokacin da aka kunna na'ura, kafin ma ta gama tashi, abin da masu gyara ke matuƙar so. Allon kallo guda ya ishi na'urori biyu, wanda ke nufin an rage kuɗin saye, an kuma rage nauyin da ke kan batirin ajiyar wuta a ranar da lantarki ya ɗauke. Mafi muhimmanci, akwati mai sauƙi hannun mutum kawai yake ɗauka daga wannan na'ura zuwa waccan, takardun da ke cikinsu kowace tana nan inda take.

Yana da nasa cikas. Allo ɗaya ne, don haka na'ura ɗaya ake gani a lokaci guda. Wanda aikinsa shi ne kwatanta lissafin nan da na can zai gaji da danne-danne. Akwai kuma batun bakin waya. Tsofaffin kwamfutocin biro da yawa suna amfani da bakin VGA, mai launin shuɗi da ramuka 15, wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1987. Sababbi kuwa HDMI ko DisplayPort suke da shi. Harshen da VGA ke aika hoto da shi dabam yake da na HDMI, saboda haka waya kaɗai ba ta haɗa su, sai an sa wani ɗan abin fassara a tsakani. Mai hankali yakan leƙa bayan na'urorinsa, ya ɗauki hoton bakunansu da wayar salula, kafin ya tafi kasuwa. Sa'an nan akwatuna masu araha sukan sa kwamfuta ta ɗauka cewa an cire mata allo da madannai duk lokacin da aka sauya, sai a jira daƙiƙoƙi kafin linzami ya farfaɗo, tagogin da aka shirya kuma su watse. Masu ɗan tsada suna ruɗin kwamfutar da aka bari, su nuna mata kamar har yanzu komai na jikinta, shi ya sa sauyinsu ke da santsi.

Abu guda da ya kamata ma'aikaci ya lura da shi: akwatuna da yawa na yanzu suna da ƙarin baki na USB, domin a raba na'urar buga takarda ko filashi, wadda ƴan biro ke ce wa kile. Filashin da aka bari a wannan baki yana bin maɓalli, yanzu yana jikin kwamfutar intanet, an jima yana jikin kwamfutar albashi. Ta filashi ne cututtukan kwamfuta suka fi yawo a birori da shagunan buga takardu. Cutar nan mai suna Stuxnet, wadda aka gano a 2010 bayan ta lalata injuna a tashar nukiliya ta Natanz a ƙasar Iran, an ƙera ta ne ta yadda za ta bi filashi ta kai ga na'urorin da ba su kan intanet. Wannan ne ya sa akwatunan da ake ƙera wa sojoji da hukumomin tsaro ba su karɓar filashi sam, saƙo a cikinsu hanya ɗaya yake bi ba ya komowa, kuma akan manna musu hatimin da ke tona asirin duk wanda ya buɗe su.

Kusa da akwatin akwai ƙaninsa: madannai da linzami marasa waya, masu aiki da Bluetooth, waɗanda ke iya riƙe na'urori har uku, da maɓallan 1, 2 da 3 na sauyawa. Su ma hannu kawai suke ɗauka, sai dai ba su raba allon kallo, kuma suna son batir.

Manhajar da ke ƙetarar da linzami

Hanya ta biyu ba ta buƙatar sayen ƙarfe ko ɗaya. Manhaja ce ake sakawa a dukan kwamfutocin, a ajiye allunansu gefe da gefe. Kwamfutar da madannai da linzami ke jikinta ita ce uwa, sauran ƴaƴa. Idan aka ja kibiyar linzami har ta kai bakin allon uwa, sai ta ɓace a nan ta ɓullo a allon na kusa, madannai kuma su bi ta. Wanda ya fara ganin abin sai ya ɗauka siddabaru ne, alhali kuwa bayaninsa gajere ne: uwar tana tattara kowane motsi na linzami da kowane harafi da aka buga, ta aika su ta rezo zuwa ga ƴar, ita kuma ta karɓe su kamar daga nata madannai suka fito.

Shahararriya a cikin waɗannan manhajoji ita ce Synergy, wadda Chris Schoeneman ya fitar a 2001, tana haɗa Windows da Linux da na'urorin Apple. Daga jikinta aka samu rassa na kyauta, irin su Barrier, da Input Leap, da Deskflow. A 2011 kamfanin Microsoft ya fitar da Mouse without Borders, wadda ke haɗa kwamfuta har huɗu masu Windows, a 2023 kuma ya shigar da ita cikin tarin kayan aikinsa na kyauta mai suna PowerToys. Kamfanin Logitech ya kawo Flow a 2017 domin masu amfani da wasu linzamansa, Apple kuma ya kawo Universal Control a watan Maris na 2022, amma tsakanin na'urorinsa kaɗai, kuma sai suna ƙarƙashin sunan mutum ɗaya.

Ga mai kwatanta lissafi, wannan hanya ta fi akwati daɗi nesa ba kusa ba. Yana ganin alluna biyu a lokaci guda, yana kwafe adadi daga takardar mai sayar masa da kaya a wannan na'ura ya manna shi cikin lissafinsa a waccan, wasu manhajojin ma suna barin a ja takarda sukutum daga allo zuwa allo. To, a nan daɗin yake, a nan kuma haɗarin yake. Domin manhajar ta yi aiki, dole kwamfutocin biyu su kasance kan rezo ɗaya, suna jin juna. Ma'aikacin da ya ja waya ya haɗa kwamfutar albashi da ta intanet domin ya more wannan sauƙi, ya buɗe ƙofar da aka toshe da gangan, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga wannan rana, duk ɓarawon da ya samu shiga na'urar intanet ya samu hanyar ƙwanƙwasa ƙofar ɗayar.

Akwai kuma batun abin da ke bin wayar. Kowane harafi da aka buga, har da kalmar sirri, yana ratsa rezo kafin ya isa. Tsofaffin fitowar Synergy a buɗe suke aika shi, ba tare da an kulle saƙon ba, ta yadda mai wayo da ke kan rezo ɗaya zai iya karantawa. Na baya sun koyi kulle saƙo, amma ko su ba su kuɓuta gaba ɗaya ba. A 2021 wani masanin tsaro na kamfanin SUSE ya gano cewa Barrier ba ta tantance na'urar da ke neman haɗuwa da ita yadda ya kamata, har baƙo na iya shigar burtu da sunan ɗaya daga cikin ƴaƴan ya riƙa karɓar abin da ake bugawa. An toshe ramin a fitowar da aka yi a ƙarshen wannan shekara. Darasin shi ne, manhaja irin wannan tana son a riƙa sabunta ta, a ɗauko ta daga gidan masu ita, kuma kada a yi amfani da ita a kan rezon da kowa ke shiga, kamar na otel ko na shagon intanet.

Sauran cikas ƙanana ne amma suna ɓata rai. Kowace na'ura sai da nata allo. Idan uwa ta mutu ko rezo ya yanke, ƴaƴa sun zama marayu, babu mai juya su. Manhajar kuma ba ta tashi sai kwamfuta ta gama tashi, don haka a ranar da na'ura ta ƙi buɗewa, dole a nemo madannai na biyu. Kada a sayar da su, a ajiye su cikin durowa.

Rikicin haruffa

Akwai wata matsala da ta fi damun mutanen ƙasar nan fiye da na wasu ƙasashe, saboda inda kayansu ke fitowa. Kwamfutar da ta zo daga Faransa, ko ta biyo tashar Kotonu ko Lome daga ƙasashe masu Faransanci, yawanci madannanta na AZERTY ne. Wadda aka sayo a Kano ko Dubai ko Sin kuwa yawanci QWERTY ce. Sunayen biyu haruffa shida ne na farkon layin sama na haruffa. Ba a rasa biro ko shago a Maraɗi, ko Damagaram, ko Birnin Konni, inda iri biyun ke zaune tebur ɗaya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, madannai ba su aika harafi. Lambar gurbi suke aikawa, kamar su ce an danna maɓalli na farko a layi na uku, kwamfuta ce ke duba tsarin da aka saka mata ta fassara gurbin zuwa harafi. Idan aka bi ta akwati aka haɗa madannai na AZERTY da kwamfutar da aka tsara a QWERTY, wanda ya buga Zinder zai ga Winder, wanda ya buga Tahoua zai ga Tqhouq, Maradi kuma ta koma :qrqdi. A ɗaya ɓangaren, layin lambobi ne ke yin ɓarna, domin a tsarin AZERTY sai an danne maɓallin manyan haruffa lambobi ke fita. Wanda ya saba da QWERTY ya buga 2500 a na'urar da aka tsara a AZERTY, abin da zai fito shi ne é(àà.

A cikin wasiƙa ido na ganin kuskure a gyara. A wurin kalmar sirri kuwa ɗigo-ɗigo kawai ke bayyana, mutum ya rantse daidai ya buga, na'ura ta ƙi, ya sake ta ƙi, har a kulle masa asusun banki ko shafin aikinsa. Mai fitar da kaya da aka kulle wa hanyar shiga SYDONIA, manhajar da ake bayyana kaya da ita a duwan, alhali motarsa na tsaye a kan iyaka, shi ya san kuɗin kwana ɗaya. Maganin ba shi da wuya: a shiga saitin harshe na kowace kwamfuta, a zaɓi tsarin da ya dace da madannan da za a yi amfani da su, a tabbata an yi haka har a shafin farko inda ake buga kalmar sirri. Sai dai a tuna, idan na'urar tafi-da-gidanka ce, nata madannan na jiki za su saɓa da abin da ke rubuce a kansu har sai an mayar da saitin. Masu rubuta Hausa kuma su sani cewa tsarin da ke fitar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikin kwamfuta yake zaune, dole a saka shi a kowace ɗaya.

Abin da ya faru a Landan

An ce akwati hannu kawai yake ɗauka, to amma hannun wa? Akwai wani irin akwatin KVM da ake haɗawa da intanet, domin injiniya ya ga allon na'ura ya kuma juya ta daga wani gari, tamkar yana zaune gabanta. Kayan aiki ne na halal a manyan kamfanoni, amma ɓarayi ma sun san da shi.

A watan Afrilu na 2013, wani mutum ya shiga reshen bankin Barclays da ke unguwar Swiss Cottage a birnin Landan, ya ce shi mai gyaran kwamfuta ne. Aka bar shi ya yi aikinsa. Abin da ya yi shi ne liƙa irin wannan akwati a jikin wata kwamfutar reshen, haɗe da wata ƴar na'ura mai shiga intanet ta layin salula. Daga wani wuri dabam abokansa suka riƙa kallon allon, suna juya na'urar, har suka kwashe fiye da fam miliyan 1 da dubu 200 zuwa asusun da suka tanada, kimanin miliyar 1 ke nan na kuɗin sefa a canjin wancan lokaci. A watan Satumba na shekarar aka yi yunƙurin yin haka a wani reshen bankin Santander a Landan ɗin, amma ƴan sanda suka riga su, ba a ɗauki ko sisi ba. A 2014 kotu ta ɗaure mutanen ƙungiyar.

Babu wata babbar fasaha da ɓarayin nan suka karya. Manhajar kashe cututtuka ba ta ga komai ba, domin a wurin kwamfuta akwatin madannai ne da linzami kamar kowane. Abin da ya ba su nasara shi ne rigar aiki, da magana mai daɗi, da kunyar da ke hana ma'aikaci ya ce wa baƙo ina takardarka. Wannan kunya kuwa ba a Landan kaɗai take ba. A inda aka saba girmama baƙo, tambayar mutum shaidarsa kan yi nauyi a baki, shi ya sa ya kamata shugaban wuri ya mayar da ita doka, domin mai gadi da sakatare su samu abin fakewa. A kuma riƙa leƙa bayan kwamfutoci lokaci zuwa lokaci. Ƙura da duhu sun sa wuri ne da ba a dubawa, kuma duk wani ɗan akwati ko waya da ba a san wanda ya sa ba, a kira mai kula da na'urori tun kafin a ci gaba da aiki.

Kuskuren hannu

Ko babu ɓarawo, hannu ɗaya a kan na'urori biyu yana da nasa tuntuɓe. Mutum yana zaton yana kan kwamfutar banki ya buga kalmar sirrinsa, ashe madannai na kan ɗayar, cikin tagar hira da wani abokin ciniki, ya danna aikawa. Wani ya shigar da kuɗin da aka biya cikin lissafin bara da ke tsohuwar na'ura. Wani ya goge babban fayil yana zaton kwafinsa ne. Dabarar da ke rage wannan mai sauƙi ce: a ba kowace na'ura launin bango dabam mai tsananin bambanci, a ce ja ga mai sirri, kore ga ta intanet, a kuma ajiye akwatin inda ido ke ganin ƴar fitilar da ke nuna na'urar da ake kai.

Tuntuɓe na biyu ya fi yawa. Lokacin salla ko cin abinci ya yi, ma'aikaci ya kulle na'urar da ke kan allo ya fita da kwanciyar hankali, ya manta da ta bayan akwati, wadda ke buɗe. Duk wanda ya shigo ya danna maɓalli guda, ga rajista a gabansa, kuma duk abin da ya canza da sunan mai teburin za a rubuta shi. A Windows, danna maɓalli mai alamar taga tare da harafin L yana kulle na'ura nan take. Sai a yi wa kowace ɗaya, a kuma saita su su riƙa kulle kansu bayan ƴan mintoci.

Ba ƙaramin al'amari ba ne a gaban shari'a. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a 2022, a 2019 kuma ta kafa dokar hukunta laifuffukan da ake aikatawa ta na'urorin sadarwa. Ma'aikacin da aka damƙa wa sunayen mutane da albashinsu da rashin lafiyarsu amana aka ba shi, kuma ranar da bayanan suka fita, cewa tebur ne ya yi masa kaɗan ba za ta zama hujja ba.

Wace hanya ta dace da wa?

Ɗan kasuwar da na'urorinsa biyu nasa ne, suna kan rezon shagonsa mai kalmar sirri, kowace da allonta, manhaja ta ishe shi, kuma akwai ta kyauta. Ya ɗauko ta daga gidan masu ita, ya kunna kullen saƙo, ya riƙa sabunta ta, kada ya ba abokan ciniki kalmar sirrin rezon da na'urorin ke kai. Wanda allo ɗaya gare shi, ko shagonsa ƙarami ne, ko ba shi da rezo, akwati ne nasa; ya duba bakunan wayoyi, ya nemi a gwada masa a gabansa kafin ya biya.

Ma'aikacin gwamnati ko na banki ko na kamfani kuwa, na'urorin da ke gabansa ba nasa ba ne, ba shi da ikon haɗa su bisa ra'ayin kansa. Ya kai buƙatarsa ga mai kula da na'urorin ma'aikatar, a rubuce. Idan an raba kwamfutocin ne saboda sirri, babu maganar manhaja. Abin da za a iya yarda da shi shi ne akwati marar bakin filashi, marar hanyar intanet, wanda ma'aikata ta saya ta kuma rubuta cikin rajistar kayanta. Idan mai kula da na'urori ya ce ko wannan bai yarda ba, to a bar madannai biyu bisa tebur, a nemi wurin ajiye takardu a wani gefen.

Shugabannin ma'aikatu su ma akwai nasu. Ma'aikacin da aka ɗora wa na'urori biyu a tebur ƙarami, ba a tambaye shi yadda yake fama ba, wata rana zai nemo wa kansa mafita a kasuwa, kuma ba lalle ta zama mai kyau ba. Gara hukuma ta riga shi, ta zaɓi akwatin da ta amince da shi, ta bayyana wa kowa dalilin da ya sa aka keɓe wasu na'urori, ta kuma sa a riƙa rubuta sunan duk mai gyaran da ya taɓa su, da ranar da ya zo, da abin da ya sa ko ya cire.